Amsoshin Tambayoyinku: Aƙidar Mai Kamfani Ta Isa A Ƙaurace Wa Kayansa?

Tambaya

Don Allah ina so a ba ni labarin wani gidan sayar da soyayyen kaza a Amurka da na ji an ce an yi ta cacar baki a kansa saboda addinin mai shi, har wasu suka daina shiga, wasu kuma suka yi masa tururuwa. Sannan a fayyace mini, ya dace jama'a su duba aƙidar mai kamfani kafin su yanke shawarar yin ciniki da shi ko ƙaurace masa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa

Malam, tambaya biyu ka ɗaure a ƙunshi ɗaya, ta farko mai sauƙi, ta biyun kuwa sai an zauna. Bari mu fara da mai sauƙin.

Sunan gidan abincin Chick-fil-A, hedkwatarsa tana yankin birnin Atlanta a jihar Jojiya, kudancin Amurka. Wanda ya kafa shi, Truett Cathy, ya fara ne da wani ɗan ƙaramin gidan abinci da suka buɗe shi da ɗan'uwansa a garin Hapeville a 1946. Abin da ya fito da sunansa shi ne soyayyen ƙirjin kaza marar ƙashi da ake cusawa a tsakiyar burodi. A 1967 ya buɗe shago na farko mai ɗauke da sunan Chick-fil-A a wata cibiyar kasuwanci a Atlanta. Cathy Kirista ne mabiyin cocin Baptis, mai riƙo ƙwarai, ya shafe fiye da shekara 50 yana koyar da yara a coci. Tun farko ya kafa dokar cewa ba a ciniki a shagonsa ranar Lahadi, har yau kuma a kan haka ake, ko bayan rasuwarsa a 2014. Kamfanin yana da rumfa a cikin babban filin wasa na Atlanta, inda ƙungiyar ƙwallon garin ke buga yawancin wasanninta ran Lahadi, amma a ranar rumfar a rufe take, dubban 'yan kallo suna wucewa ta gabanta da kuɗi a aljihu. Iyalan Cathy ne ke riƙe da kamfanin, ba su kai shi kasuwar hannun jari ba, don haka babu wani na waje da zai tilasta musu su sauya.

Shekara da shekaru babu mai ta da jijiyar wuya a kan wannan. Kowa ya san masu gidan 'yan coci ne, mai jin yunwa ya shiga ya ci ya fita. Rigimar ta ɓarke ne a 2012, shekarar zaɓen shugaban ƙasa, lokacin da batun auren jinsi ya raba Amurkawa gida biyu. A watan Mayu na shekarar Shugaba Barack Obama ya fito ya ce yana goyon bayan irin wannan aure. Makonni kaɗan bayan haka sai Dan Cathy, ɗan Truett, wanda ke jan ragamar kamfanin a lokacin, ya faɗa a wata hira ta rediyo cewa Amurkawa na janyo wa kansu fushin Ubangiji muddin suna ganin sun fi Shi sanin ma'anar aure. A wata hirar da wata jaridar cocin Baptis ya ƙara tabbatar da cewa kamfaninsu na kan tafarkin iyali irin wanda Baibul ya bayyana. Masu fafutukar auren jinsi dama sun riga sun binciko takardun harajin gidauniyar iyalan, mai suna WinShape, sun gano an ba da miliyoyin daloli ga ƙungiyoyin Kirista da ke adawa da manufarsu. Da maganar Dan ta haɗu da waɗannan takardu sai wuta ta tashi. Aka yi kiran a ƙaurace wa kamfanin, ɗalibai a wasu jami'o'i suka nemi a kore shi daga harabar makarantunsu, kamfanin Jim Henson mai yin 'yartsanar yara ya janye daga hulɗa da shi.

Sai 'yan siyasa suka tsoma baki. Magajin garin Boston, Thomas Menino, ya rubuta wa Cathy wasiƙa cewa ba a marhabin da shi a garin. A Chicago wani kansila, Joe Moreno, ya ce zai hana kamfanin izinin buɗe sabon shago a mazaɓarsa, magajin gari Rahm Emanuel kuma ya ce ɗabi'un kamfanin ba na Chicago ba ne. Ka lura da wanda ya taka musu birki. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU, wadda ita kanta tana goyon bayan auren jinsi, ita ce ta ce hana mutum izinin kasuwanci saboda ra'ayinsa ya saɓa wa tsarin mulki. Magajin garin New York na lokacin, Michael Bloomberg, shi ma mai goyon bayan auren jinsin ne, amma ya ce wannan ba hurumin gwamnati ba ne. Daga baya Menino da kansa ya yarda cewa doka ba ta ba shi ikon hana kamfanin shigowa ba.

A ɗaya ɓangaren, tsohon gwamnan jihar Arkansas, Mike Huckabee, wanda shi ma tsohon fasto ne, ya yi kira ga jama'a su fito ranar 1 ga Agusta, 2012 su sayi kaza don nuna goyon baya. Layuka suka zagaye shaguna, motoci suka toshe tituna, wasu rassan abinci ya ƙare musu tun kafin lokacin tashi, kamfanin kuma ya ce bai taɓa ciniki irin na ranar ba. Zanga-zangar da masu adawa suka shirya bayan kwana biyu ba ta tara jama'a kamar haka ba. A ƙarshen shekarar cinikin kamfanin ya kai dala biliyan 4.6, ƙarin kashi 12 cikin ɗari a kan na shekarar da ta gabata. Zuwa 2019 ya zama na uku a yawan ciniki cikin gidajen abincin Amurka, bayan McDonald's da Starbucks, duk da yana aiki kwana shida ne a mako.

Masu ba da labarin nan galibi a nan suke tsayawa, domin ya yi daɗin ji: mai addini ya tsaya a kan gaskiyarsa, Allah ya buɗa masa. Amma da sauran labari. A 2014 Dan Cathy ya shaida wa wata jaridar Atlanta cewa ya yi nadamar jefa kamfanin cikin wannan muhawara, ko da yake ra'ayinsa na ƙashin kai bai canza ba. A 2019 majalisar birnin San Antonio ta hana kamfanin wuri a filin jirgin sama, abin da ya sa jihar Texas ta kafa dokar hana hukumomi hukunta kamfani saboda gudummawarsa ga ƙungiyoyin addini. A shekarar ce kuma shagonsa na garin Reading a Ingila ya gamu da zanga-zanga, masu ginin suka ce ba za su sabunta masa haya ba bayan wata shida. A watan Nuwamba na 2019 gidauniyar kamfanin ta ba da sanarwar cewa za ta mayar da hankali ga ilimi da yunwa da marasa matsuguni, ta daina bai wa Salvation Army da Fellowship of Christian Athletes, ƙungiyoyin Kirista biyu da masu adawa ke ƙorafi a kansu. Wannan karon waɗanda suka bi layi a 2012 ne suka fusata. Huckabee ya ce kamfanin ya ci amanar waɗanda suka tsaya masa. Ni dai a ganina babu amanar da aka ci, domin babu wadda aka ƙulla. Wanda ya sayi kaza, kaza aka ba shi. Kamfani mai son faɗaɗa zuwa manyan birane da ƙasashen waje lissafinsa zai yi, ko da mai shi yana kwana a coci.

To, ga tambayarka ta biyu. Na san yawancin masu karatunmu, Musulmi da Kirista, sun riga sun tsaya a bayan Cathy tun kafin su kai nan, saboda a batun aure ra'ayinsu ɗaya da nasa. Shi ya sa wannan labari shi kaɗai ba zai gwada mana komai ba, kowa na iya kare 'yancin wanda ya faɗi abin da yake so ya ji. Don haka bari in ƙara maka labari biyu daga Amurkar.

A 2002 wani Musulmi da ya yi wa Chick-fil-A aiki a jihar Texas ya kai kamfanin kotu, yana cewa an sallame shi ne bayan ya ƙi shiga addu'ar Kirista da aka yi a wurin horar da ma'aikata. An sasanta a wajen kotu, ba a bayyana sharuɗɗan ba, don haka babu alƙalin da ya tabbatar da zargin ko ya kore shi. Na kawo shi ne don ka ga cewa wanda kuka yi tarayya da shi a wata mas'ala, za ku iya raba hanya a wata.

Na biyu shi ne Chobani, kamfanin yogot da Hamdi Ulukaya, Bakurde ɗan asalin Turkiyya, ya kafa a 2005 bayan ya sayi wata tsohuwar masana'anta a jihar New York. Ulukaya ya ɗauki 'yan gudun hijira da yawa aiki, daga ciki har da waɗanda suka fito daga ƙasashen Musulmi, a masana'antarsa ta New York da ta garin Twin Falls a jihar Idaho. A 2016 wasu masu tsattsauran ra'ayi suka yi ta kiran a ƙaurace wa kayansa, suna zarginsa da cika ƙasar da Musulmi. Wani mai shirin rediyo, Alex Jones, ya yaɗa ƙaryar da ta danganta masana'antar da fyaɗe da tarin fuka, sai da kamfanin ya maka shi a kotu a 2017 sannan ya janye ya nemi afuwa. Duk hujjar da za ka kafa cewa jama'a na da damar haɗa kai su karya kasuwar mutum saboda abin da ya yi imani da shi, masu kiran ƙaurace wa Chobani za su karɓa da hannu biyu.

Batun gwamnati gajere ne. Hukumar da ke ba da lasisi da rumfa da kwangila ta kowa ce, da harajin kowa take aiki, ba ta da damar tambayar ɗan kasuwa ina yake ibada. Na mutum ɗaya ma gajere ne. Kuɗinka naka ne, ba wanda zai tuhume ka don ka wuce shago uku ka je na abokin sahunka a masallaci ko a coci. Haka nan Musulmin da ya ƙi sayen naman da bai san yadda aka yanka ba, ko wanda ya guji bankin da ke mu'amala da ruwa, kayan yake dubawa, ba ruwansa da zuciyar mai kayan.

Inda maganar take da nauyi shi ne inda jama'a suka haɗa baki. Ranar da aka hau mumbari, ko aka tura saƙon murya a WhatsApp, aka ce kada kowa ya saya a wurin wane saboda shi ɗan kaza ne, an tashi daga zaɓi an koma hukunci, hukuncin da babu alƙali, babu shaida, babu ɗaukaka ƙara. A nan ni matsayina a bayyane yake: aƙida ita kaɗai ba ta isa dalili ba. Abin da jama'a ke da haƙƙin hukuntawa da aljihunsu shi ne aiki, wato abin da kamfani ya yi wa ma'aikatansa da abokan cinikinsa da maƙwabtansa, da inda ya kai kuɗinsa.

Dubi ƙauracewar da duniya ke yabo har yau. A garin Montgomery na jihar Alabama baƙaƙen fata sun daina hawa motocin bas daga Disamba 1955 har tsawon kwana 381, bayan kama Rosa Parks da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera. Ba su tambayi masu kamfanin bas cocin da suke zuwa ba. An wulaƙanta su a cikin motar da suke biyan kuɗinta, suka faɗi abin da suke so a gyara, da kotu ta soke dokar wariyar suka koma hawa. Akwai laifi sananne, akwai buƙata sananniya, akwai ranar ƙarewa.

Sai ka dubi ɗaya nau'in. Ranar 1 ga Afrilu, 1933, watanni biyu da hawan Hitler mulki, 'yan bangar jam'iyyar Nazi suka tsaya a ƙofar shagunan Yahudawa a faɗin Jamus suna hana mutane shiga. Babu abin da mai shagon zai gyara ya tsira, laifinsa shi ne shi wane ne, kowa kuma ya san inda wannan hanya ta ɓulle. A Myanmar, wajen 2012 da 2013, ƙungiyar 969 ta limamin addinin Buda Ashin Wirathu ta riƙa manna alamarta a shaguna da motocin haya don mabiya Buda su gane nasu su guji na Musulmi. A Sri Lanka, bayan harin bam na ranar Ista a Afrilun 2019, aka yi ta kiran a daina saye a shagunan Musulmi, mai sayar da atamfa da mai gidan abinci suka biya bashin laifin da ba su ji ba ba su gani ba. Wannan makami ne na masu rinjaye. Duk inda aka zare shi, a kan marasa rinjaye yake sauka, kuma babu al'ummar da take da rinjaye a ko'ina.

Wannan fili ba na fatawa ba ne, amma tarihin Musulunci a buɗe yake ga kowa. Ƙuraishawa sun rubuta takarda sun rataye a cikin Ka'aba cewa ba saye ba sayarwa ba auratayya tsakaninsu da Banu Hashim da Banu Muɗɗalib, dangin Annabi (SAW), aka tsare su a kwarin Abu Ɗalib kusan shekara uku, har yunwa ta kai su ga cin ganyen itace. Waɗanda suka tashi suka warware takardar, irin su Hisham ɗan Amru da Muɗ'im ɗan Adiyyu, a lokacin ba Musulmi ba ne, zaluncin ne ya ishe su. Bayan hijira, da Sumama ɗan Usal, shugaban Banu Hanifa na Yamama, ya musulunta ya hana alkama zuwa Makka, Ƙuraishawa suka ji jiki suka aika wa Annabi (SAW) suna roƙo da zumunci, shi kuma ya umarci Sumama ya sake musu hanya. A Madina ya yi ciniki da Yahudawa, ya bar wa Yahudawan Khaibar gonaki su noma a raba amfanin gida biyu, ya kuma bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir ɗin da ya karɓa don iyalinsa. Sahabbai masu hali suna nan a garin, da ya so da a wurinsu ya karɓa. Malamai sun daɗe suna kafa hujja da wannan a kan halaccin ciniki da wanda ba addininku ɗaya ba.

Yanzu ga inda abin yake da wuya, kuma ba zan ɓoye maka ba. Masu adawa da Chick-fil-A suna da hujja mai ƙarfi guda ɗaya. Sun ce su ba bakin Dan Cathy ne ya dame su ba, kuɗin da suke biya na kaza ne ake kwasa a ba ƙungiyoyin da ke yaƙarsu. Ko ka ƙi manufarsu, sai ka yarda cewa wannan magana ce ta aiki. Ita ce dai hujjar da miliyoyin Musulmi suka riƙe a Oktoban 2023, lokacin da mai riƙe da rassan McDonald's a Isra'ila ya ba da sanarwar raba wa sojoji abinci kyauta ana tsakiyar yaƙin Gaza. Ƙauracewar ta taɓa cinikin kamfanin a Gabas ta Tsakiya da Malesiya da Indonesiya, har uwar kamfanin ta sanar a Afrilun 2024 cewa za ta sayi rassa 225 na Isra'ilan ta karɓe su daga hannun mutumin. Wanda ya ce yana da damar hana kuɗinsa zuwa inda ake cutar da 'yan'uwansa, dole ya bar wa wani ma irin wannan damar, ko da bai yarda cewa an cuci wancan ɗin ba. Ranar da mai kamfani ya ɗebi ribar kamfani ya shiga fagen gwagwarmaya da ita, da ƙafarsa ya shiga, ba zai yi kukan an taɓa masa addini ba.

Sai dai ko a nan akwai abin dubawa, wato a kan wa dukan ke sauka. Rassan McDonald's na ƙasashen Larabawa 'yan ƙasa ne ke riƙe da su, da yawansu sun fito sun barranta daga abin da na Isra'ila ya yi, wasu har suka ba da gudummawa ga Gaza, da yawa daga ma'aikatansu kuma talakawan Musulmi ne. A farkon 2006, bayan zanen ɓatanci da jaridar Jyllands-Posten ta Denmark ta buga, cinikin kamfanin madara na Arla, masu madarar Dano, ya kusa tsayawa cik a ƙasashen Larabawa. Arla haɗakar manoma ce masu kiwon shanu, ba su suka yi zanen ba, ba su da ta cewa a jaridar, sai da suka sayi shafuka a jaridun Larabawa suna nesanta kansu da abin. Shi ma Chick-fil-A, kowane reshe akwai wanda ke gudanar da shi, mazaunin garin, da ma'aikata masu ra'ayi iri-iri. A Yunin 2016, da aka kai hari wani gidan rawa na masu neman jinsi a Orlando aka kashe mutum 49, ma'aikatan wasu rassan kamfanin a garin sun shiga kicin ran Lahadi sun dafa abinci kyauta ga masu layin ba da jini. Wanda ya ce zai hukunta kamfanin da maganar shugabansa, ina zai ajiye wannan?

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Sau da yawa in ka bi diddigin mai yaɗa cewa kada a saya a wurin wane, za ka tarar kaya iri ɗaya suke sayarwa, ko rumfarsu na kallon juna. Hassada in ta sa rawani wuyar ganewa gare ta.

Ɗaya fuskar ma, wato rungumar kamfani saboda addinin mai shi, tana da nata ramin. Ba laifi ba ne ka taimaki ɗan'uwanka. Amma da zarar 'yan kasuwa sun gane cewa alamar addini na kawo ciniki, alamar za ta yi yawa a allunan shaguna. A Amurkar dai, Bernard Madoff, wanda asirinsa ya tonu a Disamban 2008 a damfara mafi girma irin ta karɓi nan ka biya can, da yawa daga waɗanda ya cinye wa dukiya Yahudawa ne 'yan'uwansa da gidauniyoyinsu na taimako, waɗanda suka miƙa masa kuɗi ba bincike saboda nasu ne. Dogon carbi ba ya cika mudu. Shi kansa Chick-fil-A, rana ɗaya ce aka yi masa layin goyon baya. Sauran ranakun shekara abin da ke mayar da mutane shi ne an san shi da tsafta da saurin sallama da ladabin ma'aikata, har da waɗanda ba su taɓa jin sunan Cathy ba.

Mu a nan wannan magana ta fi shafarmu fiye da Ba'amurke, domin arzikin Bahaushe a tafiye yake. Mai suya a Inugu, mai albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, mai canji a Sabo ta Ibadan, mai goro a zangon Kumasi, yawancin masu saye a wurinsu ba addininsu ɗaya ba. Haka mai kayan gyaran mota a Sabon Garin Kano da Musulmi yake cin abinci. In aka mai da tambayar addinin mai shago al'ada a inda muke da yawa, za a yi wa namu ita a inda ba su da yawa, kuma su ne ba su da kowa a can. Mun ga ɗanɗanonta a 2011, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ruwa, shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta CAN suka yi ta cewa shirin musuluntar da ƙasa ne. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, ƙofarsa a buɗe ga Musulmi da Kirista, kowa ya je ya duba sharuɗɗa ya ga ko sun yi masa. Yadda muka ji zafin a yanke wa bankin hukunci tun kafin ya buɗe, haka wani ke ji in mun yi masa. Kuma kada ka ɗauka abin zai tsaya a tsakanin addini biyu. A cikin gida ma akwai masu cewa ba sa saye a wurin ɗan Izala, ko ɗan ɗariƙa, ko ɗan Shi'a, gobe kuma sai a koma kan wanda ya saki hannu da wanda ya kama a salla.

Saboda haka, Malam, duk ranar da aka kawo maka kiran ƙaurace wa wani ɗan kasuwa, tambayi mai kiran me mutumin ya aikata, wa ya cuta, wa ya gani. Sannan ka tambaye shi me mutumin zai gyara a koma saye a wurinsa. In an ce ya tauye mudu, ko ya hana ma'aikatansa lokacin ibada, ko ya kori mace don ta sa hijabi ko ta rataya gicciye, ko ya ƙi sayar wa wasu saboda addininsu, ko yana zuba kuɗinsa inda ake zubar da jini, kuma an tabbatar, to ka riƙe kuɗinka, ka faɗa wa wasu ma, har sai ya gyara. In kuwa amsar ita ce sai ya bar aƙidarsa, kada ka sa hannu, kada kuma ka tura saƙon gaba.